Rumbun Haɗi a Manhajoji Masu Zare da Yawa: Nazari Kan Yanayin Intanet na Maiduguri

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manhaja mai gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda, kowane aiki a kan zarensa, ke ajiye hanyoyin haɗinta da sabar a rumbu ɗaya, zare ya ara ya mayar. Hujjarta ita ce saitin da kayan aikin ke zuwa da shi an yi shi ne don inda sabar ke kusa kuma layi bai cika yankewa ba, don haka bai dace da Maiduguri ba.

Tsadar gaisuwa

Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne na 2010, galibi a Legas suke sauka, sama da kilomita 1,500 a mota daga Maiduguri. Cibiyoyin ma'aikatan agaji a Bama, Dikwa da Monguno kuwa sun dogara da tauraron ɗan'adam. Tauraron da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 yana cin kusan rabin daƙiƙa kafin saƙo ya je amsa ta dawo.

Kafin manhaja ta aika buƙata, sai ta gaisa da sabar: zuwa da dawowa ɗaya na TCP, biyu na TLS 1.2. Ta tauraro, daƙiƙa ɗaya da rabi ke nan. Manhajar da za ta tura bayanan marasa lafiya 1,000, in tana buɗe sabon haɗi ga kowanne, ta jera minti 25 a gaisuwa kawai. TLS 1.3 na 2018 ya rage biyun zuwa ɗaya, bai kawar da matsalar ba. Maganin ya daɗe: tun 1997 HTTP/1.1 ya yarda a bar haɗi a buɗe bayan amsa, a sake aiki da shi.

Girman rumbu

Takardar RFC 2616 ta 1999, mai ƙa'idojin HTTP/1.1, ta ba da shawarar kada a wuce haɗi biyu ga sabar ɗaya. An janye shawarar a 2014, amma sawunta na nan. Kayan aikin Apache HttpClient 4 na zuwa da haɗi 20 gaba ɗaya, biyu kacal ga kowace sabar. To, zare 30 a kan haɗi biyu tamkar mutum 30 ne a bakin rijiya da guga biyu. In rijiyar mai zurfi ce, layi sai ya yi tsawo. A ganina nan ne masu rubuta manhaja suka fi kuskure: sukan ƙara zare suna tsammanin sauri, alhali gugan ne ya yi kaɗan. Haka kuma zaren da bai rufe amsar da ya karɓa ba ya tafi da guga, a hankali rumbu ya ƙare, manhaja ta tsaya cak.

Haɗin da ya mutu a ajiye

Wannan ya fi shafar Maiduguri. Tun da aka lalata turakun layin wutar lantarki na Damaturu a Janairun 2021, garin ya sha dogon duhu, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023. Duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareto, na'urar rarraba intanet na tashi sabuwa ta manta haɗin da ke kanta, amma rumbu bai sani ba. Zare ya ari mataccen haɗi, ya yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba.

Saboda haka a ƙara yawan haɗi ga kowace sabar daidai da yawan zare, a kuma rage lokacin da haɗi zai zauna ba aiki. A duba lafiyarsa kafin a ba da aro, a sa wa jiran amsa iyaka. Maimaita buƙata na son hattara: neman bayani ba laifi a sake shi, amma tura kuɗi ko rajistar mara lafiya sai da lambar shaida ta musamman, kada sabar ta rubuta sau biyu.

Game da yawan haɗi kuwa, HTTP/2 na 2015 yana ɗora buƙatu da yawa a haɗi ɗaya, sai dai ƙunshin bayani ɗaya da ya ɓace a hanya yakan tsayar da sauran duka har a sake turo shi, abin da HTTP/3 na 2022 ya zo gyarawa.