Masu bugu da sarrafa haske a Kano

Duk ranar Hawan Nassarawa, idan mahaya suka ratsa Ƙofar Nassarawa zuwa Gidan Gwamnati, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ƙyallin rawuna da riguna kore a cikin rana. Wannan ƙyalli ba daga zare yake ba, kuma rini kaɗai ba ya kawo shi. Aikin masu bugu ne. Bayan ƙyalle ya sha baba a karofi, kamar na Ƙofar Mata da ke maƙwabtaka, sai a yayyafa masa ruwa, a barbaɗa garin shuni, a ninke shi a kan gungumen icce, a yi ta dukansa da guduma har zaren ya kwanta, shunin ya manne a samansa. Fuskar da ta yi sumul tana mayar da haske waje guda maimakon ta watsa shi, shi ya sa rawani ɗan Kura ke walƙiya kamar ƙarfe. A ganina, darajar tufafin Kano da matafiyi Barth ya tarar a 1851 ana kai su har Timbuktu tana cikin wannan ɓawo na sama, wanda bai kai kaurin farce ba. Shi Buzaye suke biya, ko da zai shafe musu fata da shuɗi.

Wani zai ce kwatanta aikin bugu da binciken zamani kan sarrafa haske wuce gona da iri ne, kuma yana da hujja. Tun 2011 Federico Capasso da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka nuna cewa jera wasu ƙananan siffofi, waɗanda ba su kai tsawon zangon haske ba, a kan siririyar fuska yana iya karkatar da hasken inda ake so. Yanzu har ana ƙoƙarin sauya halin irin wannan fuska da lantarki a cikin ƙiftawar ido, alhali rigar da aka buga ba ta sauyawa sai dai ta dushe. Mabugi ma bai taɓa lissafa zangon haske ba. Amma hujjar ba ta rushe tushen batun ba: mabugi ya gane da hannunsa cewa saman abu ne ke hukunta yadda haske zai fita, ya kuma mayar da hakan sana'ar da ta ciyar da unguwanni. Abin takaici, atamfa da shadda na masana'anta sun ja kasuwa, mabuga suna raguwa, kuma yawancin wannan ilimi yana hannun dattawa, ba a rubuce ba.