Masu Karatun Daji a Ƙasar Pauwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sarkin Pauwa, wato Ƙanƙara, har ka gangara Faskari da Sabuwa, ya san cewa a da ba a shiga daji da ka. Sai an koya maka. Masu koyarwar kuwa su ne maharba, a ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, sai Fulani makiyaya, sai masu saƙe-saƙi da sassaƙe. Ba wanda yake biyansu albashi, ba su kuma ba da takardar shaida.

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma yadda ya koya haka ya koyar. Yaro zai fara ne da ɗaukar burgami da gorar ruwa, yana bin bayan maigidansa, bakinsa a rufe. Sai ya yi rani biyu ko uku kafin a bar shi ya ɗana kibiya. A wannan tsakani ake nuna masa bambancin sawun gada da na barewa, da yadda ake gane kashin gwanki na jiya ne ko na yau, da inda gyado ya yi tono. Ana koya masa kukan fakara na kiwo da kukanta na firgita, domin na biyun yana nufin akwai wani abu a gaba. Maharbi kan ɗaura kan burtu a goshinsa ya durƙusa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci garke, kuma ba mai iya wannan sai wanda ya daɗe yana kallon burtu yana kiwo. Dafin kibiya daga kwankwani ake haɗa shi, shi kuwa ba a nuna wa yaro sai an tabbatar da hankalinsa.

Ban ce maharban nan waliyyai ba ne. Farautar gayya ta rani, da karnuka da 'yan tauri da cinna wa daji wuta, ta rage namun dawa ƙwarai. Amma sun san abin da suke kashewa, sun san lokacin haihuwarsa, kuma tsoffinsu kan tsawata wa wanda ya harbi mai ciki.

Sanin itatuwa ya fi na dabbobi yaɗuwa, don har mata da yara suna da rabo a ciki. Kowa ya san gawo na zubar da ganye da damina ya yi tofo da rani, shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suna da masu su ko da a gonar wani suke. Maɗaci na ciwon ciki ne, marke na tari, ƙirya ta turmi da gawayin maƙera. Zuwan shamuwa kuwa shi ne sanarwar a gyara gona.

Turawa sun ga darajar wannan sani tun da wuri. Wani likita mai suna J. M. Dalziel ya bi garuruwan Arewa yana tambayar sunayen tsirrai da amfaninsu, ya buga su a littafi a 1916, sannan ya fitar da babban kundinsa kan tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Abin da ke ciki daga bakin irin kakannin namu ya fito, sai dai sunansa ne a bango. A waɗannan shekaru biyu kuma, 1916 da 1937, aka yi dokokin gandun daji, aka ba En'e ikon keɓe dazuzzuka. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, maƙwabcin Sabuwa, an keɓe shi a 1936. Dazuzzukan Rugu da Kogo su ma suka zama gandu.

A nan ne malamin daji ya shigo, da kakinsa da kekensa da littafin rasit. A ganina a nan aka yi asara babba. Maimakon a ɗauki maharbi a matsayin malami, sai aka mai da shi abin tuhuma. Talaka ya san malamin daji a matsayin mai cin tara idan an sare reshen ɗorawa, bai san shi da koyar da kowa komai ba. Sani ya rabu biyu: na takarda yana ofis, na ƙafa yana ɓuya.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Dazuzzukan suka zama mafakar 'yan bindiga. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka shige daji da su. A ƙarshen wannan shekarar ce kuma Shugaba Buhari ya amince a mai da dazuzzuka goma manyan gandun namun daji na ƙasa, har da Kogo. Takarda dai ta fita. Maharban da suka rage yanzu don aikin sintiri ake nemansu, kamar a rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023. Ana tambayarsu hanya da maɓoya, ba a tambayarsu tsuntsu.

A wasu wurare an sake ɗinke ɓarakar. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, inda 'yan sa kai, yawancinsu ɗalibai, ke samun horo su fita da tabarau mai hangen nesa da wayar hannu suna rubuta abin da suka gani a kowane yanki. Akwai ƙungiyar matasan Arewa a cikinsu. Idan irin wannan horo ya iso Pauwa, ba sai an jira daji ya buɗe ba: fadamar bayan gari da kukar kasuwa da gonakin bakin hanya sun isa a fara. Malaman ma, wato maharban, suna nan, tsoffi ne, suna zaune a Ƙanƙara da Funtua inda gudun hijira ya kai su, kuma kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu.