Daga Asibitin Kutare Zuwa Fosta a Bango

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Babangida ta yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ba a cika wata biyu ba, ranar 14 ga Oktoba, Kano ta kama da wuta saboda zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. Duk lokacin da na ga fostocin taron farkawa manne a bangon Nasarawa, nan Birnin Kebbi, shekarar nan nake tunawa.

Kiristanci bai shigo ƙasar Hausa da lasifika ba. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aka buɗe wa SIM ƙofa ta hanyar jinyar kutare, a Amanawa kusa da Sakkwato, Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar su Dokta Walter Miller na Wusasa. Aiki ne na wanke gyambo da koyon harshe, mutum ya shekara ashirin a gari guda. Daga nan ECWA ta fito a 1954, coci mai sujada da Hausa, wadda fastonta na ƙauye yakan yi noma kamar kowa. Ba waliyyai ba ne, suna da nasu girman kan. Amma sun san sunan mai unguwa.

Abin da Bonnke ya kawo daban ne. Shiri ne kammalalle da ake ɗauka daga birni zuwa birni: manyan motoci, janareto, dandamali, alkawarin warkarwa, da katin da wanda ya tuba zai cike don a ƙirga shi. Ya yi aiki a garuruwa da dama, sai aka ɗauka Kano ma haka take. Ba a lissafa da cewa mutanen gari suna jin haushin abin da suka ɗauka a matsayin hana Ahmed Deedat irin wannan dama ba. Zanga-zanga ta rikiɗe ta zama kisa da ƙone-ƙone a Sabon Gari, aka soke taron, aka fitar da baƙon. Waɗanda suka kashe mutane su ke da alhakin jinin, babu ja. Sai dai mai shirin ya hau jirgi, maƙwabta aka bari da gawawwaki.

Duk da haka salon ne ya yi nasara. Tsuke bakin aljihun da aka fara a 1986 ya karya albashi, wa'azin arziki irin na Benson Idahosa ya samu kunnuwa. Cocin David Oyedepo, da ta yi ƙarfi a Kaduna, ta buɗe ɗakin sujada mai kujeru 50,000 a Ota a 1999, shekarar da Bonnke ya dawo Nijeriya. Da Birnin Kebbi ta zama hedkwata, ma'aikata suka cika gari, rassan irin waɗannan coci-coci suka biyo su. Taken shekara daga Legas yake zuwa, haka littafin da za a saya, haka ranar azumi. Reshe ya tara baiko da zakka ya aika sama.

(Kada ɗan'uwa Musulmi ya yi dariya. Mu duba yadda ake tallar tafsirin azumi da kujerun Umara.)

Wadda ta fi jin jiki ita ce ƙaramar ikilisiya mai Hausa. Matasanta, 'ya'yan mutanen Zuru da Yawuri, suna komawa inda ake Turanci da kiɗan zamani. Ranar da aka yi rasuwa kuwa, zumuntar mata ce ke zuwa da tukwane da Littafin Waƙoƙi, ta kwana a gidan.