Sanin Taurari a Hanyar Adarbisanat

Garin Adarbisanat na kan tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Agadas ta ratsa Damargu zuwa Damagaram da Kano. A wannan fili mai ƙarancin duwatsu da itatuwa, a da madugai kan yi tafiyar dare lokacin bazara don gudun zafin rana, saboda haka sanin sama ya zama rabin sana'arsu.

Abzinawa sun raɗa wa taurari sunaye daga rayuwar kiwo. Taurari bakwai na arewa su ne Talamt, wato taguwa, kuma da su ake gano tauraron da ba ya gusawa daga gurbinsa. Amanar kuwa, mai taurari uku jere a ɗamararsa, ja-gora ne a daren hunturu. Tarin da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta shi ne kalandar makiyayi: ɓacewarsa da magariba na nuna tsananin bazara, fitowarsa da asuba na shelar ƙaratowar damina.

Malaman zaure sun bi wata hanya dabam, ta littattafan Larabci, inda ake lissafa manzilolin wata 28 da lokutan salla da alƙibla. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a wannan fanni na falaki, ko da yake falakinsa gauraye yake da duba.

Motoci da na'urar GPS sun rage buƙatar madugu. Ilimin taurari na boko kuwa ya shigo ne ta darasin kimiyya da Faransanci, ba tare da waɗannan sunaye ba.