Daga Coolie zuwa Tsintsiya: tarihin finafinan bore a ƙasar Hausa

Duk wanda ya tsaya a shagon cajin waya a Achilafiya ko Kazaure ko Roni, inda samari ke miƙa memori a tura musu finafinai, zai ga irin fim ɗin da ke da farin jini. Fim ne na faɗa daga Indiya, an yi masa fassarar Hausa, kuma galibi jarumin yana tara talakawa ne su tunkari wani azzalumin attajiri ko ɗan siyasa mai cin amana. Wannan ƙauna ta girmi wayar hannu da shekaru masu yawa.

Silima ta shigo Kano tun zamanin Turawa. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka samu Plaza da Orion da Marhaba da sauransu, kuma ko gobarar El-Duniya ta Mayun 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ba ta raba Kanawa da kallo ba. A lokacin garuruwan masarautar Kazaure suna lardin Kano, don Jigawa sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Ɗan cirani ya shiga birni da rani, ya yi kallo, ya dawo gida da damina da labarin fim a bakinsa. Har laƙabi aka yi wa 'yan wasan: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Amitabh Bachchan ne ya fi kowa ɗaukar fushin talaka. A Deewaar na 1975, ubansa shugaban ƙungiyar ƙwadago ne da masu kuɗi suka tilasta wa cin amanar ma'aikata. A Kaala Patthar na 1979 yana cikin masu haƙar kwal. Sai Coolie na 1983, inda ya fito a matsayin Iqbal, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa, da jar riga da lamba 786 ɗaure a damtse, da shaho a hannu, yana jagorantar 'yan dako yajin aiki. A wajen ɗaukar wani faɗa na fim ɗin a 1982 ya ji raunin da ya kusa kai shi lahira, kuma idan an zo daidai wurin sai hoton ya tsaya cak, a rubuta wa masu kallo abin da ya faru. Ɗan dakon Kantin Kwari ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane Iqbal: Musulmi ne, talaka ne, kaya yake ɗauka, kuma ya ƙi sunkuyar da kai.

Ba Indiya kaɗai ba. Fim ɗin Umar Mukhtar na Mustapha Akkad, a kan turjiyar mutanen Libiya ga Italiya, ya zaga gidaje a kaset ɗin bidiyo. Sarafina na 1992 ya nuna ɗaliban Soweto da boren da ya samo asali daga 16 ga Yunin 1976. Na baya-bayan nan daga kudancin Indiya sun ci gaba da wannan layi. A Kaththi na 2014, tsofaffin manoma ne suka shige cikin bututun ruwan birnin Chennai suka zauna, don a dole a saurari kukansu a kan kamfanin da ke son ƙwace musu gonaki.

Abin tambaya shi ne ina boren ƙasar Hausa a fim, alhali tarihin ba ƙaramin abu ya tara ba. Akwai rikicin Kano na Mayun 1953. Akwai gwagwarmayar NEPU da aka kafa a 1950, wadda 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kan haraji da jangali da aikin tilas, har gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP ta soke harajin da jangalin bayan ta hau mulki a 1979, abin da ya taɓa kowane magidanci daga Gwiwa har Babura. Akwai manoman Bakolori da 'yan sanda suka buɗe wa wuta a Afrilun 1980 saboda neman diyyar gonakinsu, da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da aka kashe a Mayun 1986.

Waɗanda suka gwada ba su da yawa. Sule Umar ya yi fim ɗin Maitatsine a ƙarshen shekarun 1980, a kan tarzomar Disambar 1980 wadda alƙaluman hukuma suka ce ta ci rayuka 4,177 a Kano. Saddik Balewa ya fito da Ƙasarmu Ce a 1991, labarin wani ƙauye da attajiri ya so mallakewa saboda duwatsu masu daraja da ke ƙarƙashin ƙasarsa. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya yi Tsintsiya a kan rikicin ƙabilanci da na addini, fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Zuma a Abuja, amma a Disambar 2008 kotu a Kano ta ɗaure shi bisa tuhumar fitar da fim ba da izinin hukumar tace finafinai ba, tuhumar da ya musanta. Furodusan da ya ga haka, ga tsadar tara ɗaruruwan mutane a titi, sai ya koma ga soyayya da rikicin kishiyoyi.

Asara ce babba. A Agustan 2024 matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka yi fashe-fashe, aka rasa rayuka, aka kafa dokar hana fita a Kano da Jigawa. Da yawansu sun san yadda Vijay, jarumin Kaththi, ke tara jama'a ya yi nasara cikin awa uku, amma ba wanda ya taɓa nuna musu a fim shekarun haƙuri da tsari da 'yan NEPU suka yi kafin a soke haraji. Dattawan da suka ga wannan zamani da idonsu suna ƙarewa a garuruwan Kazaure. Ya kamata marubutan Kannywood su je su zauna da su tun suna raye, hukumar tace finafinai kuma ta bar su su yi aikinsu.