Ruwan Sha a Ƙasar Gusau: Daga Hukuncin Malamai Zuwa Dokar Gwamnati

Tun kafin a rubuta dokar ruwa a ƙasar Gusau, fiƙihun Malikiyya da al'ada ne ke hukunci. Ba a hana mai ƙishi sha, ba a kuma yin abin da zai ɓata rijiya a kewayenta. Ruwan da najasa ta sauya launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, ba a tsarki da shi. Ma'aunin farko ke nan, ido da harshe da hanci ne kayan awonsa.

Gusau da Bunguɗu suna bakin Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa. Da rani yakan janye, sai a tona rairayi a kwarfi ruwa. Tsafe kuwa ƙasar duwatsu ce, dogaronta rijiya da tafki.

Dokar Turawa ta 1915 ruwan famfo na birane kawai ta shafa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ne ya sa gwamnatin tarayya ta tsoma hannu sosai, ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973. Doka mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa wa tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, har da wannan gulbi, amma ta bar wa talaka ɗiba kyauta don gida da dabbobi. Da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996, samar da ruwan famfo ya koma hannun hukumar ruwa ta jiha.

Masifa biyu suka nuna iyakar dokar da ke kan takarda. A ƙarshen Satumbar 2006 madatsar Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, mutum wajen 40 suka rasu, gari ya rasa inda yake ɗebo ruwan famfo. A 2007 aka fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, wanda ya ƙayyade dalma a miligiram 0.01 cikin lita. Sai ga gubar dalma ta 2010 a Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara kusan 400, ta kuma gurɓata tafkuna. Wannan guba ba ta da launi ko wari, don haka tsohon ma'aunin ido da harshe da hanci ba ya kama ta.

Yau hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ce ke yi wa masu fiyawata rajista. Amma jarkokin 'yan garuwa da ke shiga lungunan Gusau, da rijiyoyin ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, da wuya a kai ruwansu ɗakin gwaji.