Kalmar da Kwaɗo Ya Raba wa Gardama

A ajin nazarin halittu na fara cin karo da kalmar Turanci "reabsorb". Malaminmu ya zuba ruwa a tebur, ya ɗauke shi da soso, ya matse, ya ƙara ɗaukewa, ya ce, "To, kun gani, sake tsotsewa ke nan." Ban taɓa mantawa ba.

Asalinta Latin ne, "absorbere", wato zuƙa. Daga baya aka manna mata "re-" mai nuna maimaici. Amma masana aikin jikin ɗan Adam ne suka yi mata gida. A shekarun 1840 wani Bajamushe, Carl Ludwig, ya ce ƙoda tace jini take yi, sannan ta sake tsotse galibin ruwan. Aka daɗe ana ja da shi. Sai a 1924 wasu masana biyu, Wearn da Richards, a Amurka, suka zuƙo ruwa daga matatar ƙodar kwaɗo da siririn bututu, suka tarar da sukari a ciki, alhali babu shi a fitsarin. Ashe jiki ya maido da abinsa!

Ƙodojin baligi suna tace ruwa kimanin lita 180 a yini, amma abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne kawai.